Kurwar Gafiya a Ɗakin Ajiya

Zuwa ga 'yar yayata, Mamana ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da Auta da Baba. Ni ƙalau nake, sai 'yar mura da yaran makaranta suka raba mini kyauta. Wasiƙarki ta iso a motar kayan abinci, ta sha warin albasa, amma ta karantu. Waya kam kin san halinmu a kan dutsen nan, sai mutum ya hau tankin ruwa take kamawa, kuma shugaban makaranta ya hana mu hawa tun da malamin lissafi ya yage wando a gaban 'yan aji ɗaya.

Na ji daɗi da kika karɓi kujerata ta mai jan labari a wasan teburin da na bar muku. Tambayarki kuwa, ba ke kaɗai take rikitawa ba. Kusan duk wanda ya fara jan labari yana ɗauka cewa maɓallan da ke cikin farantin kowane ɗan wasa su ne ran jaruminsa, in sun ƙare sai a yaga takardarsa. Ba haka ba ne. Maɓallan nan ƙarfin jiki ne kawai. Dodo ya kai duka, ɗan ludo ya nuna ya samu, ki cire biyu. Jarumi ya huta, ki mayar masa. Kurwa daban take, ba ta cikin faranti.

Kafin in yi nisa: ruhi na gaskiya saninsa na Ubangiji ne, ba ma taɓa shi. Tamu kurwar ta takarda ce, kamar yadda dodonmu na takarda ne. Duk wanda ya tambaye ki, haka za ki ce masa.

To, a duniyar wasanmu kurwa jaka ce. Duk abin da jarumi ya aikata a teburin yana faɗawa cikinta: wanda ya ceta, ƙaryar da ya shara, gadar da ya ji tsoron hayewa. Idan maɓallai suka ƙare jiki ya faɗi, sai jakar ta tafi wani dogon zaure da ake kira Ɗakin Ajiya, inda jakunkuna suke jere a kan kantoci har rufi. A bakin ƙofa akwai Ma'aji, kuma ke za ki yi muryarsa. Ba mugu ba ne, amma ba ya jin magiya. Zai dubi mai wasan ya ce, "Ka ce jakarka ce? Faɗi abu uku da ke ciki." In ya faɗi abu uku da jaruminsa ya yi a wasannin baya, a miƙa masa jaka, jarumi ya farka da maɓalli ɗaya. In ya kasa, jaka ta zauna a kanta, shi kuma ya ƙirƙiri sabon jarumi.

Kin ga daɗin abin? A nan ba a jefa ɗan ludo, sa'a ba ta ceton kowa. Wanda ya zauna yana hamma ana labari shi zai rasa, wanda ya sa zuciyarsa kuwa da wuya ya mutu. Na gwada a kan yarana na nan, tun ranar ba wanda ya sake gyangyaɗi.

Ki gaishe mini da Baba sosai.

Kawunki.

*

Kawu,

Muna gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙin mura. Umma tana aikin safe a asibiti wannan watan, ƙafafunta na ɗan kumbura, in ban da haka kowa lafiya.

Albishirinka! Kaka, Babanku, ya shiga wasa.

Ka san tun da ya dawo gidanmu da zama, daga ɗakinsa sai baranda, magana ma sai an ja shi. To wata Asabar muna teburin cin abinci, ni da Auta da 'yar maƙwabtanmu, wadda muke kira Lauya saboda gardamarta, sai ya fito neman tabarau. Ya tsaya a kanmu ya ce, "Uwargida, caca kuke yi a gidan 'yata?" Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, labari ne, ba a cin kowa." Ya ce, "Wasan da ba a cin kowa, ina daɗinsa?" Sai ya ja kujera.

Na ba shi zaɓi, ko mayaƙi ko mai magani. Ya ce ɓarawo yake so. Kawu, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shugaban tashar jirgin ƙasa, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba! Ya sa masa suna Gafiya. Wallahi ba mu taɓa ganin ɗan wasa irinsa ba. Ya sace wa wani ƙato takalmi ƙafa ɗaya kawai, wai don ya yi ta neman ɗayar. Ya sayar wa mayya jaki, ya kwance shi, ya shafa masa toka, ya sake sayar mata da shi. Da ruwa ya cika kogo, ya rantse zai gudu ya bar mayaƙin Auta, sai ga shi ya goyo shi yana mita har bakin kogon. Umma ta dawo daga aiki ta tarar da shi yana dariya har da tari, ta tsaya a ƙofa da jakarta a hannu tana kallonsa.

Tabaran kuwa a cikin firij muka same su, kusa da ƙwai. Kuma kowace Asabar sai ya sake tambaya wane ɗan ludo ake jefawa. Auta ya ce tsokana ce.

Ga tambayata. Za su shiga hasumiyar dodo, kuma maɓallan Gafiya sun yi ƙasa, don ya ƙi hutawa. In ya faɗi, shi ma dokar jaka ta hau kansa? Wani lokaci yana ɗan shan wuya wajen tuna inda muka tsaya.

'Yarka.

*

Mamana,

Mura ta tafi, kuma wasiƙarki ta ƙarasa korar ta. Na karanta wa malamin lissafi labarin jakin, sai da ya riƙe ciki. A gaishe da Yaya, ta riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi.

Baba ne zai manta? Mutumin da in an tashe shi daga barci zai faɗi lokacin kowane jirgi da sunan direbansa? Mamana, Gafiya ne yake yi miki wayo, yana share fage don ki tausaya masa. Kada ki sassauta ko kaɗan. Ba abin da Baba ya tsana a duniya kamar a yi masa alfarma. In ya gane kin buɗe masa ƙofar baya, zai tashi daga teburin. Ki yi muryar Ma'aji da kauri, ki tsare gida, za ki ga abu goma zai lissafo miki, ba uku ba.

Ina jiran labari.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa. Jikinmu lafiya.

Na yi yadda ka ce. Dodo ya kai wa Gafiya wutsiya, na cire maɓallin ƙarshe. Kaka yana ta dariya, yana cewa ɓarawo ba ya mutuwa da rana. Na tsare gida, na yi murya da kauri na ce, "Ka ce jakarka ce? Faɗi abu uku da ke ciki."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya dubi faranti, ya dubi takardarsa, ya juya ta baya. Na ɗauka wasan ne, har na ƙara da cewa, "Ma'aji ba ya jira, akwai layi." Kawu, ni na faɗi wannan da bakina. Auta ya matso zai raɗa masa, Lauya ta ce doka ta hana. Kaka ya ce, "Akwai... akwai wata dabba." Shi ke nan. Ya sauke hannunsa daga kan tebur. Can ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya mayar da kujera wurinta a hankali, ya ce, "Ashe ba tawa ba ce. A yi haƙuri, na ɓata muku lokaci." Ya shige ɗaki.

Na bi shi na ce wasa ne, mu sake. Ya ce, "Doka doka ce, Uwargida. Kin yi daidai." Ka ga ko alfarmar ma ya ƙi, a nan kam ka san shi.

Tun ranar a ɗaki yake cin abinci. Ko baranda ya daina fita. Auta ya tattara maɓallan ya zuba a gwangwanin ɗinkin Umma, ya ce shi ma ya bar wasan.

Na rubuta maka cewa yana shan wuya wajen tunawa, ka mayar da shi abin dariya. Kai kana can kan dutse kana rubuta doka, mu ne muke ganin fuskarsa. Wace irin doka ce take hukunta mutum a kan abin da ba laifinsa ba?

'Yarka.

*

Kawu,

Na ji shiru. Ko lafiya? In maganata ce ta yi zafi, ka yafe mini, raina ne a ɓace lokacin. Amma kada ka yi fushi da ni yanzu, don ban san wa zan tambaya ba.

Na gaya wa Umma duk abin da ya faru. Ta zauna a bakin gado, ta ce ta sani. Ashe tuntuni ta kai shi wurin likita, an ce mantuwa ce ta tsufa, irin wadda take fara cinye abin jiya ta bar na da. Ba ta gaya maka ba don kana nesa, ni kuma wai ina da jarrabawa. Ta ce wasan nan ya fi maganin da take ba shi aiki.

Jiya na kai masa shayi, ya tambaye ni, "Yau ba Asabar ba ce?" Na ce ita ce. Ya ce, "To." Ya juya fuska bango. Ya manta jaki da takalmi, amma bai manta an kore shi daga teburin ba.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

'Yarka.

*

Mamana,

Lafiyata lau, kuma ban yi fushi ba, wa zai yi fushi da uwarsa? Ruwa ne ya cinye gadar da ke ƙasan dutse, mota ta daina hawowa. Da aka gyara, wasiƙunki biyu suka zo tare. Na karanta su a tsaye a bakin ɗakin girki, na wuce kai tsaye na hau tankin ruwa, shugaban makaranta yana kallona. Na yi magana da Yaya, mun yi kukanmu mun share. Kin faɗa mini gaskiya a sarari, ni ne na karanta da idon yaron da yake ganin ubansa ba ya tsufa. Ki sauke nauyin nan daga kanki.

Yanzu ga aiki a gabanmu. Ba za mu soke doka ba, don ba zai yarda ba. Ba kuma za mu ce ya yi sabon jarumi ba, don Gafiya yake so. Bari in gaya miki inda na samo Ɗakin Ajiya.

Ina yaro, in an tashi daga makaranta, tasha nake wucewa in jira Baba. A bayan ofishinsa akwai wani ɗaki mai warin fata da ƙura, inda ake tara kayan da fasinjoji suka manta a jirgi. In mutum ya zo ya ce akwatinsa ne, Baba ba ya buɗewa. Zai ɗora hannu a kai ya ce, "Faɗi abin da ke ciki." Daga nan na kwafo Ma'aji, har da muryar. Amma rabin aikin na kwafo. Na tuna akwai masu zuwa da ba sa iya faɗa: ƙaramin yaro, ko tsohuwar da ta ruɗe, ko wanda ba ya jin yarenmu. Kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya tafi hannu wofi ba. Akwai yadda Baba yake yi. Ni na san kaɗan daga ciki, amma ba zan gaya miki ba, don ba daga bakina ya kamata ta fito ba.

Kin ce ciwon yana cinye na jiya ya bar na da. To tasha tana cikin na da. Ki je masa ba a matsayin jika mai ban haƙuri ba. Ki je a matsayin sabuwar ma'aikaciya da aiki ya cushe mata. Ki ce, "Ranka ya daɗe, ga fasinja ya kasa faɗin abin da ke cikin jakarsa, ni kuma na tabbata tasa ce. Yaya ake yi?" Sai ki yi shiru. Kada ki cike masa shirun, ko ya yi tsawo. Duk abin da ya yanke, shi ne dokar kurwa a duniyarmu daga ranar, ni ma zan bi ta a nan.

Mai jan labari na ƙwarai ba wanda ya haddace doka ba ne, Mamana, wanda yake duban fuskokin da ke teburin ne. Ke kin duba, kin kuma gani tun kafin ni.

Kawunki.

*

Kawu,

Muna lafiya, kumburin Umma ya saɓe. Ka zauna kafin ka karanta, kada ka karanta a tsaye.

Na je da safe bayan ya karya. Na tsaya a bakin ƙofa, na ƙame kamar ma'aikaciya, na faɗa yadda ka ce. Ya daɗe bai motsa ba, har na fara jin kunya. Sai ya juyo ya ce, "Wa ya ɗauke ki aiki bai koya miki wannan ba?" Ya tashi zaune, ya sa tabarau. Wallahi muryarsa ma ta canza.

Ya ce, "Fasinja ba ya tafiya shi kaɗai. Ko bai san kowa ba, akwai waɗanda suka zauna kusa da shi, sun ga ya buɗe jaka ya ciro guzuri. Ki kira abokan tafiyarsa. Amma ɗaya bayan ɗaya za su shigo, kada su haɗa baki. Kuma mai jaka yana zaune yana ji, in aka faɗi abin da bai yarda da shi ba, yana da ikon cewa a'a. Shaidu uku. Ba a rage ko ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, fasinjan yana nan, sunansa Gafiya." Ya dube ni ta saman tabarau. Ban san iyakar abin da ya tuna ba. Ya ce, "A shigo da shi."

Ranar Asabar ya fito da kansa, har da hula. Na kora shaidu baranda. Lauya ta fara shigowa, ta ba da labarin jakin tiryan-tiryan. Kaka yana ji kamar labarin wani baƙo, can ya fashe da dariya ya ce, "Sau biyu? Kai, wannan ɓarawo ne na gaske! Na yarda." Auta ya shigo ya fara labarin kogo, ya kai wurin goyon sai ya kasa ƙarasawa. Kaka ya ce, "Ya isa, ɗan samari. Na ji nauyinka a bayana." Ko ya tuna ne, ko ya tausaya wa Auta ne, Allah kaɗai ya sani.

Sai muka maƙale. Shaidu biyu ne, ni kuma Ma'aji ce, Kaka ya ce ma'aikaci ba ya shaida. Lauya ta buɗe baki za ta yi gardama ya ce, "Ke, ba kotu ba ce nan, tasha ce." Sai muka ji Umma daga ɗakin girki ta ce, "Ni ma fasinja ce, a taragon baya nake." Ta fito tana goge hannu, ta ce, "Na shaida ɓarawon nan ya sace takalmi ƙafa ɗaya, kuma na shaida ranar ya yi dariyar da rabona da ji tun Inna tana raye." Kaka ya sunkuyar da kai. Na miƙa masa takardarsa da maɓalli ɗaya a faranti. Ya ɗauki maɓallin ya jujjuya shi, ya ce, "To, ina dodon nan yake? Muna da sauran magana."

Ba zan yi maka ƙarya ba, Kawu, bai warke ba. Yanzu kowace Asabar kafin mu fara, kowa yana faɗin abu ɗaya da Gafiya ya yi, shi kuma yana cewa na yarda ko a'a. Wani lokaci yana ƙaryata abin da ya faru da gaske, mu bar shi. Jakarsa ce.

Jiya da muka tashi, ya ƙirga kujeru ya ce, "Ina yaron nan da yake zama a bayan ofis yana cinye mini gyaɗa? Bai zo ba yau?" Umma ta ce kana wurin aiki. Ya ce a gaya maka jirgi ba ya jiran kowa.

Don haka ga dokar mai jan labari, kuma ba ta da ƙofar baya. Hutun nan ba za ka tsaya gyaran takardun yara ba. Ka zo. Kujerata ba zan mayar maka ba, a gefen 'yan wasa za ka zauna, kusa da Kaka. Ka ƙirƙiro jaruminka tun daga can, Gafiya ya ce yana neman yaro mai riƙe masa tsani. Ka daɗe kana koya wa mutane yadda ake cika jaka. Zo ka gwada da kanka, ka zama abokin tafiyarsa, tun yana tambayar inda kake.

'Yarka.